Doña Eufemia, Wadda Ta Fitar da Mai Jego Kafin Arba'in

Kafin motocin masu tsinkar inabi su tashi, Doña Eufemia Carrizales ta riga ta tayar da akwalar motarta. Doña muke ce wa babbar mace don girmamawa. Shekara ashirin da shida ke nan tana zaga unguwanninmu na bayan gonaki, gida gida, da abin awon jini a jaka. Ba likita ba ce. Ita ke cike wa mata takardun asibiti, ta yi musu tafinta, ta zauna kusa da wadda kunya ta hana tambayar maganin tazarar haihuwa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi, kuma tun da na ji na kasa zaune na kasa tsaye.

Ƙanwata Maricruz tana da kwana shida da haihuwa ciwon kai ya sa ta gaba, ƙafafu suka kumbura, idonta na ganin walƙiya. Surukarta, Doña Chayo, ta ce iska ce ta shige ta, don ta leƙa waje ba ɗankwali. A wurinmu mai jego ba ta taka ƙofa sai ta yi arba'in. Mijin Maricruz ba shi da takardun zama a ƙasar, yana gudun asibiti kada hukuma ta kama shi. Ni kuwa, abin kunya, romon kaza na tsaya dafawa.

Doña Eufemia ta auna jinin, ta sake aunawa.

"Ku ɗauko mata takalmi."

Doña Chayo ta tare ƙofa. "Ina za ta? 'Ya'ya tara na haifa, ban taɓa fita kafin arba'in ba. So kike iskar ta ƙarasa ta?"

"Haba ƙawata, wa zai bar iska ta taɓa ta? Kawo bargo biyu da safa. Ki toshe mata kunnuwa da auduga da hannunki, ni ban iya kamar ke ba." Ta dubi mijin. "Kai, ɗana, zauna da jaririn. Fuskata za su gani a asibiti, ba taka ba."

Haka aka fito da Maricruz a naɗe kamar tamale, alalar masararmu ta ganye, cikin zafin Yuli, gilasan mota a rufe, Doña Chayo na riƙe da kan yarinyar. Likita ta ce da an kai gobe, da jijjiga ta kama ta. Har yau Doña Chayo na cewa audugarta ce ta ceci yarinyar, Doña Eufemia kuma ba ta taɓa musa mata ba.

Ke ce mai shiga gidan da tsoro ya kulle, Doña. Ba ki taɓa kunyata tsohuwa a gaban surukarta ba, ba ki kuma bari al'ada ta ci rai ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya.

Amma hankalina bai kwanta ba. Asibitin haihuwa mafi kusa tafiyar awa guda ce, ba bas, kuma ba a ɗauki kowa a madadin Doña Eufemia ba. Ku mata masu jin yarenmu da na asibiti, ku je ta koya muku tun tana iya tafiya. Ni na ba da sunana ranar Litinin. A layinmu kaɗai mata huɗu ke da ciki, kuma ta farkonsu watan gobe za ta haihu.