Na Kai Wa Mutanen Tsibiri Rumbun Laka

Daga Wudil zuwa Kano

Tun kafin kiran sallar farko matata Maman Abba ta tashe ni, ta dama mini kunu, ta tsaya a kaina har na shanye. Sunana Sabi'u, ina koyar da dabarun adana hatsi a wata kwalejin aikin gona, kuma tun asali tafiyar nan ba tawa ba ce. Shugaban sashenmu aka gayyata taro a Riyad, hawan jini ya kwantar da shi, ya kira ni a waya ya ce in je a madadinsa. Da na ji ya ce "wadatar abinci" ban tsaya jin ƙarashen maganar ba, murna ta toshe mini kunne. Na zauna na rubuta jawabi a kan rumbu, har na sa wani maginin tukwane ya gina mini ɗan ƙaramin rumbun laka da hularsa ta ciyawa, don duniya ta gani da idonta.

Ƙanina ya ɗauke ni a motarsa, rumbu a cinyata kamar jariri. A shingen Mariri wani ɗan sanda ya haska mu da tocila.

"Alhaji, wannan fa? Asusu ne?"

"Rumbu ne, yallaɓai. Saudiyya zan kai shi."

Ya dube ni, ya dubi ƙanina cikin tausayi, ya ce, "To, Allah ya cika shi."

Jidda

Dab da sauka na leƙa taga na ga teku, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba. Na nemi ɗaya gaɓar na rasa, na koma na gyara zama ina salati. A wurin bincike wani jami'i ya cire wa rumbun hula, ya sansana cikinsa, ya yanke hukuncin cewa kaskon turaren wuta ne. Ban musa ba. Daga nan wani jirgin ya ɗauke mu zuwa Riyad.

Riyad, ranar isowa

Yaya Lawan ne ya tarbe ni, ɗan kawuna, wanda ya daɗe yana tuƙi a wani ofishin jakadanci. Gidansa yana Al-Naseem. Matarsa ta ajiye mana faranti na kabsa, shinkafa da kaza har ta yi tozo, 'ya'yansa kuma suka gaishe ni da Larabcin da ya fi ƙarfin karatuna na allo.

Muna ci ya ce, "Ashe kai ma taron 'yan tsibirai ka zo? Tun jiya nake jigilarsu daga matar."

Da "matar" filin jirgi yake nufi. Na ajiye cinyar kaza. "Waɗanne tsibirai, Yaya?"

"Ƙananan ƙasashen nan na tsakiyar teku mana. Wata ma, in ji su, duk faɗinta bai kai unguwar nan ba. Kai ba a gaya maka ba?"

An gaya mini, ni ne ban ji ba. Na ce ko in ce musu ba ni da lafiya. Ya yi dariya har da tari. "Halas, shi ke nan, Malam, ka riga ka zo. Mafi mushkila, babu damuwa, ka karanta musu abinka."

Ranar taro

Da safe muka nufi Unguwar Ofisoshin Jakadanci. A bakin ƙofa masu gadi suka duba igamar Yaya Lawan, wato katinsa na izinin zama, suka duba fasfona, rumbu ya sake shan sansana.

A zauren aka zaunar da ni kusa da wani ƙaton mutum mai rigar furanni, sunansa Tevita, jami'in kula da abinci mai gina jiki a ma'aikatar lafiyar ƙasarsu. Shi aka fara kira ya yi jawabi. Ya ce kakanninsu da kifi da gwaza da kwakwa suka rayu, amma yanzu ruwan gishiri yana kutsowa ta ƙarƙashin ƙasa yana kashe gwaza, matasa sun bar su, kusan duk abin da ake ci jirgin ruwa ke kawo shi: farar shinkafa, fulawa, naman gwangwani, lemon kwalba. Idan jirgi ya zo a ƙoshi da abin da ke kawo ciwon suga, idan ya makara kantuna su zama wayam. Abin da yake nema majalisarsu ta amince da shi shi ne haraji a kan lemo da nama mai kitse, a riƙa sayen kifi da gwaza a hannun mutanen gari da kuɗin ana ciyar da 'yan makaranta.

Yana zama aka kira sunana. Na hau da rumbuna a hammata. Na yi bayanin gero, na yi na dawa, na nuna yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara. Zauren ya yi tsit, irin shirun da ɗalibai ke yi idan sun gane na shigo ajin da ba nawa ba. Da na gama Tevita ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, abin ya yi kyau. Amma idan guguwa ta turo teku cikin gari, ruwa ya kai gwiwa, me zai faru da shi?"

Na dubi rumbu, na dube shi. Na ce, "Zai narke."

Dariyar da aka yi har mai fassara sai da ya kashe na'urarsa. Ni ma na taya su, don babu wata mafita.

Wurin cin abincin rana na cika farantina don in huce kunya, sai na lura Tevita bai taɓa nasa ba, waya kawai yake juyawa. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce 'yarsa Mele tana wani tsibiri mai nisa wurin mahaifiyarsa, tana jinyarta, don ciwon suga ya sa an yanke wa tsohuwar ƙafa. Guguwa ta bi ta can kafin ya taso, ta lalata gonakin gwaza, jirgin da ke kai musu kaya kuma bai samu zuwa ba. Rabonsa da jin muryarsu tun ranar da Mele ta ce masa kantin garin babu komai sai sabulu da ashana. Ya ƙara da cewa mai kantin ma surukinsa ne, kuma tun da aka fara zancen haraji ya daina amsa masa gaisuwa.

Ni da na zo koya wa mutane ajiyar abinci, abin da na iya shi ne na zaro ƙullin kilishi daga aljihu na miƙa masa. Ya ɗanɗana, yaji ya sa shi hawaye, ko kuma dai ya samu abin fakewa ne.

Da ya goge ido ya tambaye ni ko babu wata hanyar ajiya da ba ta tsoron danshi. Sai a lokacin na tuna da buhunan nan masu leda biyu a ciki da manomanmu ke zuba wake, waɗanda iska ba ta shiga. Kullum ina koyar da su, amma na cire su daga jawabina don ba su da kyan gani kamar rumbu. Ya yi mini tambayoyi masu yawa, ya ce zai gwada da shinkafa da busasshen kifi, bai dai yi alkawarin za su yi ba.

Al-Suwaidi

Washegari da la'asar Yaya Lawan ya kai mu kasuwa a unguwar Al-Suwaidi, ni da Tevita. Ni na sayi dabino da jallabiyoyin yara, shi kuwa kantin magani ya shiga ya sayo wa mahaifiyarsa na'urar gwada suga. Muka ƙare a wani ɗan gidan abinci na wani Bamaraɗe, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Tevita ya wanke hannu ya ci sosai, amma wayar tana gefen kwano, duk loma sai ya dube ta. Har muka rabu ba ta yi ƙara ba. Ya rungume ni har ƙashin bayana ya amsa, na ce masa zan sa su a addu'a, ya ce ya karɓa.

Rumbun kuwa na bar wa matar Yaya Lawan. Kafin in gama ɗaure jaka har ta zuba masa garwashi da turare.

Komawa gida

Ta Jidda muka sake biyowa. Wannan karon na daɗe ina kallon teku, ina lissafin cewa akwai wanda tuwonsa na dare sai ya ratsa irin wannan ruwan kafin ya iso tukunya. Ƙanina ya tarbe ni a Kano, muka shiga Wudil ana kiran la'asar.

Yara suka yi ca a kan jaka. Maman Abba ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo lemo mai sanyi, ta zauna. "To, Malam, me ka koya musu?"

Ina neman yadda zan juya maganar sai wayata ta yi ƙara. Tevita ne ya turo hoto. Wata budurwa ce mai kama da shi a bakin gaɓa tana ɗaga hannu, jirgin ruwa a bayanta, ƙartai suna jere akwatunan lemon kwalba a kan yashi. A ƙasa ya rubuta: "Suna lafiya, ita da tsohuwa. Dubi abin da aka fara saukewa."

Na yi hamdala da ƙarfi har Maman Abba ta tsorata. Sannan na dubi kwalbar da ke hannuna, na ture ta gefe cikin fushi. Ta ce in ba na sha ta ba yara. Na ce a'a, tafiya ce mai nisa, ƙishirwa ba ta san taro ba. Na shanye.

Allah ya saka wa Yaya Lawan da iyalinsa da alheri, ya ba shugabanmu lafiya don nan gaba ya je taronsa da kansa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma kai wa Mele jirgi.