Tsinken Ashanar Mai Kananzir

Shin matar nan ta kai gida? Yau shekara kusan sittin ina wannan tambaya, ban sami mai amsa mini ba. Ni ban yi karatu ba, faɗi nake ana rubutawa, don haka ku yi haƙuri da ni idan na tsaya share hawaye.

Ina 'yar shekara tara a Argungu kurkunu ya kama ni. A lokacin ruwan tafki muke sha, kusan kowane gida akwai mai jinya idan damina ta ja baya. Nawa a idon sawu ya fito, farin abu kamar zare. Inna ta riga ta rasu. Kakata hannunta rawa yake, idonta kuma ya dushe. Baba yana fadama wurin shinkafa tun asuba. Kowa ya san idan kurkunu ya tsinke a cikin jiki ƙafa kumbura take, wani lokaci ta sandare har abada. Maƙwabcinmu haka ya ƙare, da jan gindi yake zuwa masallaci.

Akwai wata mata mutuniyar kudu, Kirista, mai sayar da kananzir da ashana gida-gida. Mai kananzir kawai muke ce mata. Ta shigo wata safiya da tallarta, ta tarar kakata ta kama bakin kurkunun za ta ja.

"Kai, tsohuwa! Sake shi!" Ta dire kwalabenta. "Igiyar guga ce?"

"To ke kin hi ni sani?" in ji kakata.

"Na fi ki ido dai."

Ta durƙusa a ƙasa da zanenta mai kyau, ta ɗora ƙafata a cinyarta, ƙafar da ni kaina ba na son warinta. Ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ta naɗe bakin kurkunun a tsinken ashana, ta murza kaɗan, ta tsaya. Ta ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Har yau idan na ji warin kananzir, hannunta nake tunawa.

Kullum da hantsi sai ta zo. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko kaɗan. Ranar Lahadi ma takan biyo kafin ta tafi coci, da farin ɗankwalinta. Tana murzawa tana motsa baki. Kakata ta ce, "Mi kike karanto wa ɗiyar mutane?" Ta ce, "Roƙo nake kada ya tsinke. Ke ma roƙa, mu taru a kansa." Baba ya aika mata da kwanon shinkafa, ta dafa ta da manja ta dawo mini da ita.

Sai ƙasa ta rikice gab da yaƙin basasa, mutanen kudu suka fara ɗaure kaya. Kurkunun bai gama fita ba. Ran da za ta tafi ta shigo babu talla, da ƙunshi a ka, motar da za ta kwashe su tana jira a tasha. Baba ya ce ta yi sauri kada a bar ta. Ta ce a bar ta ɗin. Ta zauna, ta kama yatsuna ta ɗora a kan tsinken, ta sa na murza da kaina, sau uku tana gyara mini riƙo. Ta ajiye mini kwalin ashana da ƙyallaye.

Kwana goma sha tara na yi ina murzawa ni kaɗai, ina kuka, babu mai riƙe mini ƙafa. Ya fita duka, bai tsinke ba. Da wannan ƙafa na yi aure, na zo Birnin Kebbi, na yi ta kai wa maigidana abinci gona shekara da shekaru, Allah ya jiƙan sa.

Yanzu ina zaune a unguwar Badariya, ɗaki ɗaya, 'ya'ya sun watse neman abinci. Ruwan famfo ake sha, jikokina ba su taɓa ganin kurkunu ba. Na sha tsayawa wurin matan kudu a kasuwa ina tambaya, sai su ce, "Mama, yaya sunanta? Wane gari?" Ban sani ba. Wata guda da kwanaki ƙafata tana cinyarta, ban tambaya ba.

Ranar da mai kananzir ta tafi, a bakin zaure ta juyo, ƙunshinta a ka, ta nuna ni da yatsa.

"'Yata, kada ki ja shi don kin gaji. Idan ya tsaya, ke ma ki tsaya. Kin ji ko?"