Bencin Shagon Littattafai

Har yau in na ji warin tsohuwar takarda da danshin damina ya taɓa, yayana nake tunawa. Mu biyu ne maza a gidanmu na Samaru, kuma a shekarar da nake ba ka labari Baba ya fara tsoron za a raba shi da babban.

Yaya ya shiga cikin wasu samari masu zafin wa'azi. Ya daina cin abinci da mu, ya daina gaida maƙwabta. Kawu ya ce a zane shi. Baba kuwa, ranar Asabar sai ya sa mu a bas zuwa Sabon Gari.

Shagon wani dattijo ne ɗan kudu, Kirista, mai sayar da tsofaffin littattafai. A ƙofa akwai dogon benci ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo. Nan malaman makaranta da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da wani limami suke yini. Dokar dattijon ɗaya ce: ba ka musa wa mutum sai ka maimaita abin da ya faɗa, shi kuma ya yarda haka ya ce.

Yaya ko zama bai yi ba ya hau su da faɗa. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Ɗana, tsaya. Me Liman ya ce?"

Yaya ya yi ta kame-kame. Aka kwashe da dariya. Liman ya matsa masa wuri, ya ce, "Zauna, ƙaramin malam. Ni da gemuna na sha wannan kunyar."

Don ya kayar da su Yaya ya riƙa komawa. Amma ba ka maimaita maganar mutum duk mako ka ci gaba da ganinsa ɗan wuta. Kafin a yanke gero, Yaya ya dawo kwanonmu.

Sai wayar hannu ta shigo gari. Mai ginin ya ga masu sayar da katin waya sun fi biya, ya ba dattijon notis. Dattijon ya ɗaure littattafansa ya koma garinsu. Baba ya zaga neman wata majalisar, duk inda ya je ƙwallo ne da siyasa, kowa na ihu. Yaya ya koma wajen samarin nan, inda ba a tambaya, ba a musu. Wata rana ya fita masallaci bai dawo ba. Baba ya rasu yana bin tasha yana tambayar direbobi.

A wannan shagon na koyi cinikin waya. Ba zan ɓoye maka ba, sana'ar ta riƙe ni. Ta yi mini gida a Hanwa, ta yi mini aure, ta kai Inna Makka. Ribata ke nan. Asarar kuwa, ka je ɗakin Inna. Wayar da na saya mata tana ƙarƙashin matashinta, ba ta yarda a kashe ta ko a canza lambar, wai ko Yaya zai kira wata rana.