Dabino Uku a Ofishin Farfesa Tijjani

Har yau ban manta da ranar Talatar da Farfesa Tijjani ya zauna a bayan ajina ba. Wata huɗu ke nan da barina Zariya zuwa Doha, ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata kwaleji. A tsarinmu, sabon malami yakan yi wata shida na gwaji. Kafin su cika, shugaban sashe zai halarci darasinsa guda ya rubuta rahoto, da shi ake tabbatar da mutum ko a sallame shi. Ni kuwa na riga na kama gida a unguwar Abu Hamour, ina jiran bizar iyalina.

Farfesa shi ne shugaban sashenmu, dattijo ɗan Sudan, mai ƙarancin magana.

Darasin ranar a kan mafarin fannin ne. Na bayyana yadda a ƙarshen ƙarni na sha tara wasu masana a Jamus suka buɗe ɗakin gwaji. Sukan zaunar da mutum, su jiyar da shi sauti ko su nuna masa launi, ya faɗi abin da ya ji a ransa daki-daki, don su gano ƙananan sassan da tunani ya ginu da su. Na ce wa ɗalibai, "Wai su nan kimiyya suke yi!" Har na rufe ido ina kwaikwayonsu. Aji ya kwashe da dariya. Na wuce ga waɗanda suka tambayi amfanin tunani, da waɗanda suka ce sai abin da ido ya gani za a auna. Na fito ina jin na burge.

Bayan azahar ya kira ni ofis. Ya zuba mini gahawa, ya miƙo dabino.

"Ci, Dakta Habibu. Faɗa mini abin da kake ji, amma kada ka kama sunan wani abu."

Na ce, "Zaƙi."

"A ina? Tsinin harshe ko can baya? Shi ya riga zuwa ko laushin?"

Na ce kamar zuma.

"Zuma abu ce. Yalla, maza sake."

Dabino uku na ci, ban iya haɗa jimla biyu ba. Ga sanyin na'ura, ga ni ina gumi.

Ya ce, "Waɗanda ka yi wa dariya sai sun sha dogon horo a kan wannan. Hanyarsu ta gaza, gaskiya ne, don ba mai leƙa ran wani ya tabbatar. Amma su suka fara cewa a zo a gwada. Na bayansu ma da musu da su suka sami abin faɗa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton fa?"

"Ban rubuta komai ba. Alhamis zan dawo."

Ranar Alhamis na fara da ba ɗalibai haƙuri kan ba'ar da na yi wa masanan nan. Na riƙa ƙwanƙwasa tebur, na ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Amsoshin suka sha bamban, har wata ɗaliba ta ce, "Dakta, to wa zai raba mana gardama?" Da tambayarta muka shiga mazhaba ta gaba. Farfesa ya sa hannu a takardar tabbatar da ni tun kafin a tashi.

Ku malamai da kuka shigo aikin nan yanzu, yawancin darasinmu labarin mutanen da suka yi kuskure ne. Kafin ku faɗa wa ɗalibai inda suka ɓata, ku zauna ku gwada abin da suka gwada. Wanda ya gwada, da wuya ya yi dariya.