Mama Hsiung, wadda aka tsare a Deoli

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba 2017, ina jiran bas a unguwarmu ta Withington, 'yarki Agnes ta kira ni ta ce kin cika. Bas biyu suka wuce ban shiga ko ɗaya ba.

Mama Hsiung, shekara uku ina zuwa gidanki a matsayin mai kula da tsofaffi, in yi miki wanka in ba ki magani. Ranar farko na ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi. Da na buɗe da makulli, na same ki durƙushe bayan kujera. Sai daga baya kika gaya mini dalili. Iyayenki 'yan asalin Sin ne, amma a Assam ta Indiya aka haife ki. A 1962, da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, sojoji suka buga ƙofarku kina 'yar shekara sha biyar. Kwana bakwai a jirgin ƙasa, mutane na jifan taragon, sai sansanin Deoli. Shekara huɗu kuna tsare. Can mahaifinki ya rasu, ba a taɓa faɗa muku laifinsa ba.

Da hukumar garin da ke turo ni ta rage ziyarata zuwa minti sha biyar, ba ki yi ƙorafi ba. Ni kike ji wa tsoro. Ranar da kika hango motar jami'an shige da fice a layinku, kika riƙe hannuna gam. "Rhoda, 'yata, takardunki na jikinki? Mu ma fa muna da takardu a lokacin." Ni da rikici ya raba da Jos, har yau ban manta wannan tambayar taki ba.

Duk da haka, bara kika ce in raka ki Birmingham, gidan Agnes a unguwar Selly Oak, inda ku bakwai da kuka fito daga Deoli kuka taru. Idonki a rufe har jirgin ƙasan da muka shiga ya tsaya. Ni na rubuta wasiƙarku zuwa gwamnatin Indiya. Abin da kuka nema kawai a fito a ce an zalunce ku. Hannunki na dama ya shanye, da hagu kika sa hannu, sannan kika tambaye ni a hankali ko za a zo a kama ki.

Saura shida yanzu. Ina tsoron su ƙare ɗaya bayan ɗaya kafin a nemi gafararsu.

Ubangiji ya jiƙan ki, Mama, ya ba ki hutun da duniya ta hana ki. Agnes, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku ji ban haƙurin da ita ba ta samu ji ba.

Rhoda Dung, Withington