Ranar da Buba Ya Roƙa da Bakinsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Dokta Buba, ɗan kawuna, kuma har yau in na tuna shi dariya ce take riga hawaye zuwa. Mutanen Jimeta sun san shi da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya. Ni kuwa na san shi tun muna hawan keke ɗaya daga Yola, yana tuƙi ina baya ina tsokanarsa. Taubashina ne, kuma a wajenmu taubashi yana da izinin faɗin abin da sauran dangi ba za su iya faɗa ba.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne, Maiduguri ce hedikwatarmu, ba a yi gada ba tukuna, har motar wasiƙu sai ta jira jirgin fito a bakin Binuwai. Buba ya ci jarrabawarsa da kyau, makarantar likitanci ta Zariya ta aiko masa takardun neman shiga. Gida ya ruɗe da murna. Dada, mahaifiyarsa, ta dama fura ta raba wa maƙwabta tun ba a ɗauke shi ba. Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga likitan da ya san shi, kuma dole ta isa kafin wata ya ƙare. Kawu ya riga ya yanke magana: in ba a tafi bana ba, ga gona a Mbamba tana jira.

Likitan ma akwai shi. Dokta Filibus, mutumin Numan, wanda Buba yake yi wa tafinta a asibiti lokacin hutu, yana juya masa Fulatancin marasa lafiya. Yana son Buba ƙwarai. Matsalar a bakin Buba take. An rene shi a kan cewa ɗan mutunci ba ya roƙo wa kansa, balle ya je ya ce wa babba, zauna ka yabe ni a rubuce.

Sai ya ɗauki hanyar da ya sani. Kowace Lahadi, bayan an taso daga coci, ya sa wankakkiyar riga ya tafi gidan Dokta a unguwar Gwadabawa. Ya gaishe shi, ya gaida matarsa Mama Rahila, ya zauna a gefen tabarma kansa a ƙasa. A kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Can ya miƙe ya ce a huta lafiya. A ganinsa ya gama bayani, domin duk dattijon Yola da ya ga irin wannan zarya zai ce, yaro, me ke tafe da kai?

Da na ga wata ya kusa ƙarewa na ce masa, da sunan tsokanar da nake kiransa, “Bawana, gaisuwa ba ta shiga ambulan. Tashi mu je, ni zan zama bakinka.”

Muna shiga muka tarar gidan ya sauya. An share tsakar gida, Dokta ya sa babbar riga, an turo Saratu, ’yarsu mai koyon aikin jinya, ta kawo ruwa ta koma ciki da gudu. Mama Rahila ta dube ni sama da ƙasa.

“To, yau har da wakili. Amma ina manyanku? Yara ba sa neman aure, ɗana. Kuma akwai maganar addini, sai an zauna.”

Buba ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe duk makonnin nan gidan suna ta shawara a kansa, har an aika wa dangi a Numan! Na ce, “Mama, ba Saratu muke nema ba, Zariya muke nema.” Na faɗi maganar takarda. Dokta ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Mama Rahila ta ce, “Kai, ni da na fara tunanin akwati!”

Sannan Dokta ya daina dariya. Ya ce ba zai rubuta ba. Ya ce shi bai ji Buba ya roƙi kome ba, ni ya ji. “Likita aikinsa tambaya. Za ka tambayi sa’an ubanka yadda fitsarinsa yake. Za ka tambayi matar mutane yaushe ta ga al’adarta. In kunya ta hana ka, ka kashe su. Ko taubashinka za ka ɗauka har ɗakin haihuwa?”

Na ga gumi yana bin wuyan Buba. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a gaban Dokta, ya ce, “Baba, ina so in zama likita. Ina roƙonka ka rubuta mini shaida.” Kowace kalma ta fita. Na yi shekaru a gidan rediyo ina sauraren masu iya magana, ban ji jimlar da ta ci wa mai ita wuya kamar wannan ba.

A take Dokta ya zauna ya rubuta. Washegari da sassafe muka kai gidan waya, muka bi motar wasiƙu a kan keke har bakin kogi, muna ihu kamar mu ne za mu tura jirgin. Da amsa ta zo daga Zariya, Mama Rahila ce ta fi kowa guɗa.

Yau yaro yana kwance a ɗaki zai tura wa likitan da bai taɓa ganinsa ba saƙo ta waya, ya ce a taimaka masa da shaida kafin gobe. Na sha tambayar kaina me Buba zai ce. Ba na jin zai yi fushi. Ina jin ƙarfin halin yaran yau zai burge shi, ya ce da ma ya samu rabinsa. Amma zai ce su zo asibiti tukuna ya ga yadda suke gaida mara lafiya, don bai taɓa sa hannu a takardar yaron da bai sani ba.

Kunyar ba ta bar shi ba har ya koma ga Allah. Abin da ya koya shi ne yadda zai yi aiki da ita. In dattijo ya zo ya ƙi faɗin ciwonsa, Buba yakan sallami ’ya’yan su fita, ya jawo kujera ya zauna a gefensa, ba a gabansa ba, su biyu suna duban bango, ya yi tambayar a hankali da Fulatanci. A watan jiya, a wani suna a Mbamba, wata tsohuwa ta ji an ce ni ɗan’uwansa ne, ta aiko a kira ni. Ta ce ta daɗe tana ɓoye wani ciwo, har mijinta bai sani ba, asibiti biyu ta je ta dawo ba ta faɗa ba. “Shi ne ya tambaye ni,” in ji ta. Ga ta da ranta, jikarta ce ta haihu, jaririn yana kan cinyarta.

Allah Ya haskaka kabarinka, bawana.