Farkon Fim a Bakin Yayana

Yayana mai tsaron ƙofa ne a gidan kallo. Ni ban taɓa shiga ba, amma tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, nake zaune a ɗakin da ke kusa da nasa, ni nake wanke masa rigar aiki.

Aikinsa ya yagi tikiti, ya haska wa wanda ya makara hanya har kujera. Sai ya ƙara da nasa: yana tafe yana raɗa wa mutum abin da ya wuce shi. Don haka ake son sa.

Da idonsa ya fara hazo ni kaɗai na lura, don na ga yana laluben buta da ƙafa. Ya ce in rufa masa asiri, in mai wurin ya ji, aikin ya tafi.

Na ce, "To Yaya, me kake gani da za ka ba da labari?"

Ya yi dariya. "Ke ba ki san fim ɗin faɗa ba. Duk uwarsu ɗaya. Mota ta bi mota, wani abu ya fashe. In kin ji jarumi da aboki mai fara'a, yana cewa matarsa na da ciki, to yi masa addu'a, ba zai kai ko'ina ba. Kunne ma ya isa."

Na ce ina tsoron ƙarya. Ya ce ba ƙarya ba ce, sabo ne.

Ya daɗe yana sha a haka. Wata rana da la'asar aka sa sabon fim, ya ji harbi, ya ji kuka. Wani tela ya shigo a makare, Yaya ya raɗa masa, "An kashe abokin, yanzu jarumi zai fita ramuwa."

Ashe jarumin aka harbe, abokin ne ke kuka, fuskarsa ta cika allo. Tela ya ɗaga murya: "Baba, ai ga gawar taka nan tana share hawaye!" Wuri ya kaure da dariya, mai wurin kuwa na tsaye a baya.

Bai yi masa faɗa ba. Ya kira shi waje, ya nuna masa hoton fim da ke bango, ya tambaye shi mutum nawa ne a jiki. Yaya ya ƙura wa hoton ido, ya kasa ƙirgawa. Mai wurin ya ce masa ya je gida ya huta.

Ina ninke kaya Yaya ya shigo. Ya zauna bakin gado, ya ba ni labari yana murza gwiwa. Can ya ce, "Ƙanwata, gobe kina da aiki?"

"Babu, Yaya."

"To ki raka ni wajen likitan ido. Ki riƙe min hannu in mun zo titi, amma ba tun daga ƙofar gida ba."